Ra'ayinmu: Wane Girman Murhun Gashi Mai Murfi Ya Dace da Gida?

A manyan kantunan Abuja da Kano, har da wasu shagunan kayan gwanjo, an fara ganin wani murhun gashi wanda bai yi kama da na mai tsire ba. Baƙi ne wuluk, zagayayye, a kan ƙafa uku, biyu da taya, kamar an kifa ƙwaryar ƙarfe a kan 'yar'uwarta. Mai saye ya tsaya yana kallon ƙarami da babba, yaron kanti ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum nawa ne a gida?" Idan aka ce biyar sai ya nuna ƙaramin, idan aka ce goma sha biyar ya nuna babban. Tambayar tana da ma'ana, amma ta tsallake wadda ta fi ta muhimmanci, wato me za a riƙa gasawa, kuma awa nawa zai yi a kan wuta.

Daga Amurka murhun ya fito. A 1952 wani mai suna George Stephen yana aiki a masana'antar Weber Brothers Metal Works da ke Chicago, inda ake ƙera manyan tulunan ƙarfe da ake sakawa su yi ta shawagi a ruwa don nuna wa jirage hanya. Murhun bulo da yake gashi a kai a gidansa ya ishe shi: iska ta kwaso toka ta zuba wa nama, kitse ya ɗiga wuta ta tashi. Sai ya raba tulu ɗaya gida biyu, ya sa wa rabin ƙasa ƙafafu, ya mai da rabin sama murfi, aka huda ƙofofin iska. Duk hikimar tana cikin murfin nan da ƙofofin. Da an rufe, iskar da ke shiga ta ƙasa ita ke hukunta zafin garwashi, zafin kuma ya zagaye nama ta kowane gefe. Wanda ya sayi wannan murhu yana gashi a buɗe kullum, ya biya kuɗin murfi a banza. Kurfoti da 'yar raga sun ishe shi.

Kamfanin Weber, wanda yawancin sauran suke bin awonsa, yana da mai inci 14, da mai 18, da mai 22, da mai 26, sai wani ƙato mai inci 37 da suke kira Ranch, wanda ya fi dacewa da masu abincin biki. Wanda ya biyo ta Turai ko Afirka ta Kudu santimita ake rubuta masa a kwali: 37, 47, 57, 67, a madadin inci 14, 18, 22, 26. Mai inci 14 na tafiya ne, na sakawa a bayan mota, don haka mun ajiye shi gefe tare da ƙaton. Gardamar gaskiya tana tsakanin 47 da 57 da 67.

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan ciniki kam ido yana rage kimar. Santimita goma tsakanin 47 da 57 ba ta cika ido a kanti, sai dai faɗin da'ira ba ya ƙaruwa a miƙe, ninkuwa yake yi. Bisa alƙaluman Weber, ragar mai 47 tana da filin inci murabba'i 240, ta mai 57 tana da 363, ta mai 67 kuma 508. Ke nan mai 57 ya fi ƙanensa da rabin fili cur, mai 67 kuma ya ɗara mai 57 da kusan kashi biyu cikin biyar. Duk da haka wannan lissafi na wanda zai shimfiɗa garwashi a ko'ina ne ya cika raga da nama. Ainihin aikin murhun ba haka yake ba.

Tsire siriri ne, minti kaɗan a kan garwashi ya nuna. Haka kifi ƙarami, haka masara. Amma ɗora kaza sukutum a saman garwashi ka ga abin da zai faru: fata ta ƙone, kitse ya zuba, harshen wuta ya lashe ta ta yi baƙi, a yanka cinya a tarar da jini a gaɓa. Maganin shi ne a raba murhun gida biyu. A tura garwashi gefe ɗaya, a ajiye tiren ƙarfe da ɗan ruwa a ɗaya gefen don ya tari kitse, a ɗora kazar a kan raga daidai saman tiren, a rufe, a juya murfin yadda ƙofar iskar sama za ta kasance a kan naman. Zafi da hayaƙi sai sun ratsa ta kan kazar kafin su fita. A zafin digiri 180 zuwa 200 na ma'aunin Salsiyos, cikin awa guda da 'yan mintuna ta nuna har ƙashi, fatar ta yi ja tana ƙyalli, ba tare da an juya ta ko sau ɗaya ba. Idan akwai ma'aunin da ake sokawa a nama, digiri 74 a wuri mafi kauri shi ne alamar an gama. In ana son fatar ta ƙara ƙarfi sai a matsar da ita kan garwashi minti biyu.

To, a nan girma ke nuna kansa, domin abin da mutum yake saye a zahiri shi ne filin da babu wuta a ƙarƙashinsa. Ragar da ake ɗora nama ba ta kai lambar da ke kwali ba. Kusan santimita 44 ce a ƙaramin, 54 a matsakaicin, 64 a babban. Tulin garwashin da zai riƙe zafi na awa guda yana cin kusan taƙi ɗaya daga gefe, a ce santimita 18 zuwa 20, kuma ba ya ƙanƙancewa don murhu ya ƙanƙance. Cire wannan, abin da ya rage wa nama bai wuce santimita 25 a mai 47 ba, 35 a mai 57, 45 a mai 67. Ga shi kuma da'ira ce, can bakin gefe fili tsukewa yake. Kazar gidan gona guda da aka tsaga ta baya aka banƙare ta kan cinye wannan 25 ɗin tas, fiffikenta ɗaya yana leƙen wuta. Dole a riƙa buɗewa ana juya ta, kowace buɗewa kuma zafin da aka tara ya tsere, iska ta faɗa wa garwashi ya ƙara ruruwa. A mai 57 kaji biyu suna kwanciya gefe da gefe, ko zabi uku, ko cinyar rago guda da ƙashinta, kuma da sauran tazara tsakaninsu da wuta. Murfinsa ma ya fi zurfi, talotalo madaidaici yana shiga ba tare da ya taɓa sama ba.

Idan aka zo gashin hayaƙi, tazarar nan ta ƙara daraja. Ba irin bandar kifi muke nufi ba, wadda masunta ke yi a bakin Tafkin Chadi ko Yawuri don kifi ya bushe ya jure tafiya da ajiya. Wannan salo na Amurkawa ne, na Texas da Kansas City da jihohin Carolina: a ɗauki nama mai tauri, ƙirjin sa ko haƙarƙari ko karfata, a bar shi a zafin da bai wuce digiri 110 zuwa 135 ba, na awoyi, hayaƙin itace yana ratsa shi, har jijiyoyin da ke cikin tsoka su narke, naman ya kai digiri 90 da ɗoriya a ciki, ya riƙa rabuwa da ƙashi da ɗan yatsa. Karfatar rago kan ɗauki awa biyar zuwa bakwai. Ƙirjin sa cikakke kan wuce awa goma. Duk tsawon lokacin nan wuta 'yar kaɗan ake so, mai ci a hankali, kuma nesa da nama.

Dabarar da masu wannan murhu suka fi yi ita ce su jera gawayi a jikin bango, layi biyu, hawa biyu, ya zagaya kamar rabi ko kashi biyu cikin uku na da'irar, su ɗora 'yan guntayen itace a kai, su kunna bakin layin kawai. Wutar ta riƙa bin layin sannu a hankali, nama yana tsakiyar raga, tire a ƙarƙashinsa. Maciji suke ce wa wannan jeri. Tsawon layin shi ne tsawon awoyin, kuma ragar gawayi tana can ƙasa inda kwanon ya tsuke, saboda haka ta fi ragar nama ƙanƙanta sosai. A mai 57 jeri mai kyau yana iya cin awa takwas zuwa goma ba a ƙara ko ƙwaya ba. A mai 47 layin gajere ne, kuma duk inda wutar ta kai tana kusa da gefen naman. Sai an yi ta juya raga ana gudun ta. Ana iya yi, mutane suna yi, amma aiki ne na tsayuwa a kai. Ƙaramin ciki kuma zafinsa saurin hawa da sauka gare shi: a ɗan buɗe ƙofar ƙasa fiye da kima, kafin a ankara ya haura.

Akwai wani abin da littattafan gashi na Turawa ba su lissafa da shi ba. Jerin macijin nan an gina shi a kan curarren gawayi, wanda ake matsawa daga garin gawayi ya fito girma ɗaya, irin wanda kamfanin Ford ya yaɗa a Amurka tun shekarun 1920 daga ragowar katakon ƙera mota, aka sa masa sunan Kingsford daga baya. Mu kuwa gawayinmu na itace ne tsantsa, na ƙirya da marke da duk abin da mai gawayi ya samu. Yana da zafi, tokarsa kaɗan ce, ba a haɗa shi da komai ba, amma buhu ɗaya za ka tarar da wani kamar ƙafar kujera, wani kamar goro, ƙasan buhun kuma gari zalla. Ba ya jeruwa tsaf. Sai an zauna an farfasa manyan, an tsince matsakaita, an yi layin ya fi kauri don kada wuta ta yanke a hanya. Layi mai kauri kuwa fili yake ci. Wannan kaɗai dalili ne da ya sa mai amfani da gawayin buhu ya fi Ba'amurke buƙatar murhu mai yalwar ciki. (Tunda an zo nan: a daina kunna gawayi da kalanzir ko leda. Da murfi a rufe, warin nan cikin nama yake komawa. Gwangwani babba da aka fasa ƙasansa aka huda gefensa, da takarda a ƙarƙashi, yana hura gawayi cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Itacen hayaƙi kuma busasshen reshen gwaiba ko lemo ya wadatar. Katako mai fenti ko na kafinta kada ya kusanci wutar.)

Mai 47 yana da hujjarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Ango da amarya a gidan haya mai ɗan tsakar gida, waɗanda gashinsu bai wuce karfasa biyu da yankakkiyar kaza da masara ranar Asabar ba, ba su da abin yi da wani ƙato. Ya fi sauƙin kuɗi, mutum ɗaya ya ɗauke shi, yana samun lungu lokacin damina, kuma ɗan gawayi kaɗan ya rufe ƙasansa. Akwai ma mai gajerun ƙafafu da maƙallin murfi, wanda Weber ke kira Jumbo Joe, yana shiga bayan mota a tafi gona da shi. Duk wanda ya san gashinsa ba zai taɓa wuce rabin awa ba, babu mai ce masa ya yi kuskure. Abin da muke tuna masa kawai shi ne ana iya hura 'yar ƙaramar wuta a gefe ɗaya na mai 57 a gasa kifi biyu ba tare da ɓarnar gawayi ba, amma ranar da aka kawo masa cinyar rago babu yadda zai yi ya faɗaɗa mai 47. Kuma mutane kaɗan ne ke sayen murhu mai murfi su tsaya a kifi biyu.

Hujjar mai 67 ta fi nauyi a wurinmu, domin gidajenmu ba irin na mutum huɗu ba ne. Gida mai mata da 'ya'ya da ƙanne da baƙin da ba sa sanarwa, faranti ashirin ba labari ba ne. A mai 67 cinyoyi biyu suna kwanciya tare, awazar rago tana miƙewa ba a yanke ta ba, ƙirjin sa cikakke yana samun wuri nesa da wuta. Yalwar cikinsa tana sa zafi ya zauna daram, wanda shi ne burin mai gashin hayaƙi. Wanda yake yin irin wannan duk mako, ko yake tunanin fara sayarwa, kada ya saurari kowa, ya sayi babban.

Sauran mutane kuwa su duba abin da ke biyo bayan girman. Kuɗinsa ya yi wa na mai 57 nisa. Murfinsa nauyi gare shi, ɗaga shi da hannu ɗaya ana riƙe da awartaki a ɗayan ba wasa ba ne. In za a cika ƙasansa da garwashi, gawayi yake sha. Babbar matsalar kuma ita ce kayan gyara. Raga ce ke fara lalacewa a kowane murhu, kuma mai 57 shi ne awon da duniya ta daidaita a kai: Weber suna yi, Napoleon na Kanada suna yi, masu kwaikwayo ma shi suke yi. Ragar canji, kwandon gawayi, sandar da ke juya kaza, rigar rufewa, kusan duk don shi ake ƙerawa. Mai 67 in ragarsa ta yi tsatsa sai dai a yi oda daga waje ko a kai wa mai walda ya gwada sa'a.

Sannan mu tambayi kanmu, in jama'a suka taru a gida me ake gasawa? Tsire ne da balangu da yankakken kaji. Zagayayyen murhu kuwa, komai girmansa, bai iya tsire ba. Dubi na mai tsire: dogo ne, siriri, ana jera tsinke ashirin a layi, naman yana kan wuta, bakin tsinken yana waje inda hannu zai kama ya juya. A cikin da'ira tsinkunan tsakiya gaba ɗayansu suna kan garwashi, kafin nama ya nuna itacen ya ƙone, mai juyawa kuma gashin hannunsa ya babbake. Saboda haka babban gida da ke son ciyar da mutum talatin ya fi cin riba in ya sayi mai 57 don kaza da cinya da gashin hayaƙi, ya ba mai walda aikin doguwar kwatarniyar ƙarfe don tsire. Sau da yawa kuɗin biyun ba zai kai na mai 67 shi kaɗai ba, ga shi an samu wuta biyu masu aiki a lokaci guda. A dai kula da ƙarfen da za a yi ta da shi: kada ya zama duron da ya taɓa ɗaukar sinadari, kada kuma ya zama farin kwanon rufi, domin abin da aka shafe shi da shi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa in ya sha wuta.

Babbar Sallah ma ba hujjar sayen babba ba ce, ko da yake ita ce ke sa mutane da yawa miƙa hannu gare shi. Ragon layya sukutum ba ya shiga mai 67. Masu son sa sukutum suna da hanyarsu tun kaka da kakanni, wadda har yau ake gani a titunan Yamai da Damagaram ranar Sallah: a banƙare shi a kan sanduna, a jingina kewaye da wutar itace, ya yini yana tsatsafo da kitse. A murhu mai murfi gunduwa-gunduwa ake bi, cinya yau, karfata gobe, kuma mai 57 yana ɗaukar kowacce.

Hukuncinmu shi ne mai santimita 57, wato inci 22, ga mafi yawan gidaje, ƙanana da manya. Shi ne mafi ƙanƙantar murhun da ke barin isasshen fili tsakanin wuta da nama, kuma mafi girman wanda ake samun kayansa ba wahala. Mai 47 na wanda wuri ya matse ne ko gashinsa gajere ne. Mai 67 na wanda ya riga ya ƙure mai 57 ne, ya san takamaimai abin da ya ƙi shiga.

Sharaɗi ɗaya muka gindaya, mai iya rushe hukuncin: ingancin ƙira yana gaba da girma. Mai 47 da murfinsa ke zama daidai ya fi mai 57 na gwangwani wanda iska ke shiga ta ko'ina, domin murhun da ba ya toshe iska ba ya riƙe ƙaramin zafi, kuma a iskar hunturu siririn ƙarfe ba ya tara komai. Araha ba ta ado. A kanti a ɗora murfin a duba ko akwai inda haske ke leƙowa. A murza ƙofofin iska na sama da na ƙasa a ga suna rufewa ruf. Murhu mai kyau in aka rufe su duka wutar mutuwa take yi, ragowar gawayin ya jira wani gashin. A shafa jikin: wanda aka gasa masa rufin tangaran santsi gare shi kamar gilashi, mai fenti kuwa wuta biyu-uku zai fara ɓarewa. Raga mai ƙyaure a gefe tana ba da damar ƙara gawayi ba tare da an sauke nama ba. Matarin toka mai kama da tukunya ya fi buɗaɗɗen faranti, wanda iska ke kwashe tokarsa ta watsa a tsakar gida. A girgiza ƙafafun, musamman in akwai yara masu guje-guje, don ƙafa uku ba ta da wuyar kifewa. Kuma duk girman da aka saya, wurinsa fili ne. Garwashi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi, tana kashe mutane a rufaffen ɗaki. Sanyi ko ruwan sama kada su sa a ja shi cikin kicin ko zaure.

A je kantin da tef ɗin awo a aljihu. Lambar da ke jikin kwali, musamman a na kwaikwayo, ba kullum take faɗin gaskiyar raga ba. Ragar da ake ɗora nama za a auna daga baki zuwa baki, in ta gaza santimita 53 zuwa 54, wannan ba mai 57 ba ne, ko me aka rubuta.